Manyan Marubutan Ƙagaggun Labarai na Amurka: Da Wa Za a Fara?

Tambaya: Malam, littafin Invisible Man kaɗai na taɓa karantawa daga Amurka, shi ma don jarrabawar WAEC ne, sai daga baya na ji ya shiga raina. Yanzu ina son in san manyan marubutan ƙagaggun labarai na ƙasar da fitattun littattafansu, amma duk jerin sunayen da na gani sai ya ƙara rikita ni. Su wa ya kamata in sani, kuma da wa zan fara?

Amsa: Ƙanena, sunaye za su ci gaba da rikita ka muddin babu igiyar da ta ɗaure su, don haka bari in miƙa maka igiyar tukuna. A 1776 waɗanda suka kafa Amurka sun rubuta a takardar shelar 'yancinsu cewa dukkan mutane daidai aka halicce su. Thomas Jefferson, wanda ya tsara wannan magana, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Da aka yi ƙidaya a 1860, bayin da ke ƙasar sun kusa miliyan 4. Ƙasa ce da ta yi wa kanta babban kirari tun tana cikin zanin goyo, kuma yawancin littattafanta da suka yi ƙarko suna auna tazarar da ke tsakanin kirarin nan da abin da ido ke gani. Wani ya auna ta wajen bauta da launin fata, wani ta wajen kuɗi, wani ta wajen yaƙi. In ka riƙe wannan, kowane suna zai sami wurin zama a kanka.

Tsakanin 1850 da 1852 littattafai uku suka fito a jere, kuma daga nan ake cewa ƙagaggen labari na Amurka ya tsaya da ƙafarsa. Nathaniel Hawthorne ya fitar da The Scarlet Letter a 1850, labarin Hester Prynne, matar da ta haihu ba tare da mijinta yana gari ba, aka tilasta mata yawo da jan harafi a ƙirjin rigarta don kowa ya san ta yi zina, alhali uban yarinyar shi ne limamin cocin da jama'a ke ganin waliyyi. Hawthorne ya san wannan irin al'umma ciki da bai, domin wani kakan kakansa yana cikin alƙalan da suka yanke wa mutane hukuncin kisa kan zargin maita a garin Salem a 1692.

Shekara ta zagayo, abokinsa Herman Melville ya fitar da Moby-Dick. Kowa zai ce maka shi ne gagarabadau, kuma ban musa ba, amma kada ka kuskura ka fara da shi. Ni kaina sau biyu ina ajiye shi kafin in kai ƙarshe a karo na uku. Labarin dai na Kyaftin Ahab ne, wanda wata ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi, wadda Turawa ke kira whale, ta cire masa ƙafa, shi kuma ya rantse sai ya rama, ya ja jirginsa da duk ma'aikatansa zuwa halaka, mutum ɗaya tak ya tsira ya ba da labari. A zamanin ana farautar dabbar ne don man da ake kunna fitila da shi, kuma Melville ya yi wannan aiki da kansa a 1841, shi ya sa yakan bar labarin ya shafe babi guda yana bayanin igiya ko yadda ake narka kitse. Littafin bai yi kasuwa ba. Mutumin ya ƙare yana aikin kwastan a New York na shekara 19, ya mutu a 1891 kusan ba wanda ya tuna da shi, sai a shekarun 1920 masana suka tono shi.

Na ukun shi ne Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, 1852. Ta rubuta shi ne cikin fushi da dokar 1850 da ta wajabta wa mutanen arewacin ƙasar mayar da duk bawan da ya gudo. Ya sayar da kwafi 300,000 a Amurka cikin shekarar farko, kuma ya hura wutar da ta kai ga yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Ka san shi don tarihi. Ta fuskar gwaninta kuwa wa'azinsa ya yi yawa, bayin da ke cikinsa kuma an zana su ne don a tausaya musu kawai.

Wanda zan tsaya a kansa shi ne Mark Twain. Sunansa na yanka Samuel Clemens, ya tashi a Hannibal, wani ƙaramin gari a bakin kogin Mississippi inda ake da bayi, kuma ya yi aikin tuƙa jirgin ruwa a kogin. Laƙabin nasa ma daga nan ya samo shi: kira ne da mai auna zurfin ruwa ke yi idan igiyarsa ta nuna gaba biyu, wato jirgi zai iya wucewa. Ya yi suna da The Adventures of Tom Sawyer a 1876, amma babban aikinsa shi ne Adventures of Huckleberry Finn, wanda ya fito a Amurka a 1885. Huck yaro ne farar fata, ɗan wani mashayi, ya gudu daga dukan ubansa. Jim bawa ne da ya gudu don ya ji uwargijiyarsa na shirin sayar da shi. Su biyun suka haɗu, suka hau gadon fito na katako suka bi kogi.

Abin da Twain ya yi wanda ba a saba gani ba shi ne ya bar yaron ya ba da labarin da bakinsa, da Turancin ƙauye mai cike da kurakurai, irin wanda malamin makaranta zai ja wa jan biro. Kuma akwai wani wuri a babi na 31 da nake so ka karanta a hankali. Duk tarbiyyar da Huck ya samu, a gida da coci, ta koya masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce, mai yin ta ɗan wuta ne. Sai ya zauna ya rubuta wa uwargijiyar Jim wasiƙa yana gaya mata inda bawanta yake, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi kamar wanda ya tuba. Can sai ya tuna daren da Jim ke karɓar masa gadi don ya yi barci, da ranar da Jim ya ce masa ba shi da aboki a duniya sai shi. Ya riƙe takardar yana rawar jiki, ya ce to shi ke nan, ya yarda ya shiga wuta, ya yayyaga ta. Yaron ya yi daidai yana ganin ya yi zunubi, kuma Twain bai sa baki ya gyara masa ba. Ya bar mai karatu ya gane da kansa irin lalacewar al'ummar da ta juya wa yaro alheri da sharri.

Littafin yana da aibi, ba zan ɓoye maka ba. Kalmar zagin baƙar fata ta fito a cikinsa fiye da sau 200, abin da ya sa har yau wasu makarantu a Amurka ke cire shi daga manhaja. Ƙarshensa kuma ya yi rauni, domin Tom Sawyer, abokin Huck, ya shigo ya mayar da 'yantar da Jim wasan yara. Duk da haka marubuci Ernest Hemingway, wanda zan zo kansa a gaba, ya taɓa rubuta cewa daga wannan littafi guda adabin Amurka na zamani ya fito. Wani abu da ba kowa ya sani ba: a 1905 Twain ya rubuta wata ƙasida mai zafi yana tona asirin ta'asar da Sarki Leopold na Beljiyam ke yi a Kwango.

Henry James da Edith Wharton zan wuce su da sauri. Su biyun masu zana rayuwar attajirai ne, da auren da ake ƙullawa don dukiya da suna. James ya rubuta The Portrait of a Lady a 1881, jimlolinsa dogaye ne masu lanƙwasa, sai Turancinka ya nuna. Wharton ta fi shi sauƙi, kuma da The Age of Innocence ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Pulitzer ta ƙagaggen labari, wata babbar lambar yabo ta Amurka, a 1921.

Sai shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da gonar ta fi yin albarka. F. Scott Fitzgerald ya fitar da The Great Gatsby a 1925, gajeren littafi da za ka iya gamawa a kwana biyu. Gatsby ɗan talakawan manoma ne da ya so wata 'yar masu kuɗi, Daisy, ta auri wani attajiri yana wurin yaƙi. Dama tun yana saurayi ya canza suna, daga baya ya tara dukiya ta hanyar fasa-ƙwaurin giya a lokacin da doka ta haramta ta, ya sayi ƙaton gida yana hangen nata daga tsallaken ruwa, yana shirya shagali kowane mako ko Allah zai sa ta leƙo. Ɗaruruwan mutane sun ci sun sha a gidansa. Ranar jana'izarsa ba a cika mutum goma ba. Abin da littafin ke faɗa shi ne kuɗin da ka nema da kanka ba ya saya maka kujera a cikin waɗanda suka gaji nasu. Fitzgerald ya mutu a 1940 yana da shekara 44, yana ganin littafin ya faɗi. Sai da aka raba wa sojojin Amurka kwafinsa kyauta lokacin yaƙin duniya na biyu sannan ya farfaɗo.

Ernest Hemingway ɗan jarida ne kafin ya zama marubucin labari, kuma aikin jarida ne ya koya masa gajerun jimloli marasa ado. Ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a Italiya a 1918, aka ji masa rauni, daga nan A Farewell to Arms na 1929 ya fito. For Whom the Bell Tolls na 1940 kuma a kan yaƙin basasar Sifaniya ne. Amma wanda zan ɗora maka a hannu shi ne The Old Man and the Sea na 1952. Wani tsohon masunci ne a Kyuba, Santiago, ya yi kwana 84 bai kama ko da ɗan tsiyaki ba, har iyayen yaron da ke taya shi suka janye ɗansu. Ya fita can cikin teku shi kaɗai, ya kama kifin da ya fi kwalekwalensa tsawo, suka yi kwana uku suna ja-in-ja, ya kashe shi, ya ɗaure a gefen kwalekwale. Kafin ya iso gaɓa kifayen shak sun cinye naman, ƙashi ya kawo gida. Iyakar labarin ke nan, kuma duk wanda ya taɓa noma shekara guda fari ko fara suka cinye zai fahimce shi ba sai an yi masa sharhi ba. Hemingway ya karɓi kyautar Nobel a 1954. Rubuce-rubucensa kan Afirka ta Gabas dai ba su burge ni ba. Ya fi ganin zakuna da ɓauna fiye da mutanen da ke ɗaukar masa kaya.

William Faulkner shi ne mai wuyar sha'ani. Mutumin Mississippi ne, ya ƙirƙiro wata gunduma da babu ita a taswira, Yoknapatawpha, ya zuba kusan duk labaransa a cikinta: zuriyar masu bayi da suka tsiyace bayan yaƙin basasa, suna riƙe da girman kai babu abin da ke bayansa. The Sound and the Fury na 1929 ya buɗe da bakin wani mai taɓin hankali wanda ba ya bambance jiya da shekara talatin da suka wuce, don haka shafi sittin na farko za ka ji kamar an jefa ka rijiya. In za ka gwada shi, fara da As I Lay Dying na 1930, inda wani matalaucin iyali ya ɗauki gawar uwarsu a keken alfadarai zuwa garinsu don cika wasiyya, gawar tana ruɓewa, ungulaye suna bin su, mutum 15 suna karɓa-karɓar ba da labarin. Faulkner ne ya ci Nobel ta 1949.

John Steinbeck kuwa ina ganin shi ne zai fi kama zuciyar mai karatu daga ƙasarmu. The Grapes of Wrath na 1939 labarin iyalin Joad ne na jihar Oklahoma. Fari da guguwar ƙura sun kashe gonaki a shekarun 1930, bashi ya ci manoma, banki ya karɓe ƙasa, aka turo tarakta ta ture gidaje. Suka loda komatsansu a wata tsohuwar mota suka nufi Kalifoniya, saboda wata takarda da aka rarraba mai cewa ana neman masu tsinkar 'ya'yan itace. A hanya wani da ya je ya dawo ya warware musu dabarar: mai gona yana bukatar mutum 800, sai ya buga takarda 5,000, dubbai su taru, yunwa ta sa kowa ya karɓi ladan da aka yanka masa komai ƙanƙantarsa. Kakan da kakar duk a hanya suka mutu. Uwar gidan ce ta riƙe iyalin lokacin da mazan suka karaya. Dattawanmu da suka ga farin 1973, da duk wanda ya san yadda ɗan ci-rani ke isa birni ya tarar dubu irinsa sun riga shi, ba za su ga baƙon abu a nan ba. Manyan masu gonaki sun fusata har aka haramta littafin a gundumar Kern ta Kalifoniya, aka ƙona kwafinsa. Littafin ya ci Pulitzer a 1940, Steinbeck kuma ya karɓi Nobel a 1962. Idan ka ga ya yi maka kauri, Of Mice and Men na 1937 ɗan siriri ne.

Duk waɗanda na lissafa zuwa nan farare ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zora Neale Hurston ta rubuta Their Eyes Were Watching God a 1937, labarin Janie da aurenta uku, da Turancin baƙaƙen Florida yadda suke furta shi. Ta mutu a 1960 cikin talauci, aka binne ta a kabarin da ko alama babu, sai a 1973 Alice Walker, wadda daga baya ta rubuta The Color Purple, ta je ta nemo wurin ta kafa masa dutse. Hurston ce kuma ta zauna da Kossola, dattijon da sojojin Dahomey suka kama yana saurayi aka sayar a Wida, garin bakin teku a ƙasar Benin ta yau, aka kai shi Amurka a 1860 a jirgin bayi na ƙarshe da aka sani. Hirar tasu ba ta ga ɗab'i ba sai 2018, da sunan Barracoon.

Richard Wright ya girgiza ƙasar da Native Son a 1940, wanda shi ma ya taɓa shiga jerin littattafan WAEC. Bigger Thomas saurayi ne da ke kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa da ƙannensa da ɓeraye a Chicago. Ya sami aikin direba a gidan wani attajiri farar fata, wanda ke ba da sadaka ga baƙaƙe alhali kamfaninsa ne ke karɓar haya mai tsada a kan wannan ɗaki. A daren farko tsoro ya sa ya danne 'yar gidan da matashin kai don kada a same shi a ɗakinta, ta mutu. Wright bai nemi ka so Bigger ba. Ya nemi ka ga abin da ya ƙera shi. Ya ziyarci Gana a 1953, tun tana Gold Coast, ya rubuta littafi kan tafiyar. James Baldwin, wanda Wright ya taimaka wa yana matashi, ya soki Native Son a wata maƙala a 1949, ya ce littafin ƙorafi yakan mayar da mutum hujja kawai, kuma zumuncinsu bai sake komawa daidai ba. Nasa littafin, Go Tell It on the Mountain na 1953, a kan yaro ne da uba mai wa'azi mai taurin zuciya a Harlem, unguwar baƙaƙe a New York. Shi kuma Ralph Ellison da ka karanta, da mutuminsa mai zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙwan fitila 1,369, ya fitar da Invisible Man a 1952, kuma shi kaɗai ne ƙagaggen labarin da ya wallafa har ya mutu.

Za ka ji ana yawan ambaton To Kill a Mockingbird na Harper Lee, 1960, inda lauya Atticus Finch ya kare wani baƙar fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe a Alabama. Yana da daɗin karatu, Turancinsa mai sauƙi ne, ka karanta shi. Sai dai ka lura cewa gwarzon labarin lauyan ne, wanda aka zalunta kuwa da ƙyar ake jin muryarsa. A ɓangaren yaƙi akwai Catch-22 na Joseph Heller, 1961, da Slaughterhouse-Five na Kurt Vonnegut, 1969. Shi Vonnegut yana fursunan yaƙi a Dresden ta Jamus lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1945.

Idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya daga rabin ƙarni na baya, Toni Morrison zan ɗauka. Ta yi shekaru tana aikin edita a kamfanin ɗab'i na Random House, tana tashi da asuba ta yi nata rubutun kafin 'ya'yanta biyu su farka. Littafinta na farko, The Bluest Eye na 1970, a kan wata yarinya baƙa ce da ke roƙon Allah ya ba ta shuɗayen idanu don a so ta. A cikin aikin edita ne ta ci karo da wani tsohon yankin jarida kan Margaret Garner, baiwar da ta gudu daga Kentucky a 1856 ta tsallaka kogin Ohio da ya daskare, da masu kamun bayi suka kewaye gidan da ta ɓuya sai ta yanka 'yarta mai shekara biyu don kada a mayar da ita bauta. Daga nan Beloved na 1987 ya fito. Sethe, uwar da ke cikin littafin, ta yi kwana 28 kacal da 'yanci kafin abin ya faru, kuma bayan shekara 18 wata budurwa ta bayyana a ƙofar gidanta ɗauke da sunan da aka rubuta a dutsen kabarin jaririyar. Morrison ba ta yanke wa Sethe hukunci ba, ba ta kuma wanke ta ba. Ta ba ka labarin gutsure-gutsure, yadda mai ciwon zuciya ke tuna abin da ba ya son tunawa, don haka sai ka yi haƙuri da babukan farko. Ya ci Pulitzer a 1988, kuma a 1993 ta zama baƙar mace ta farko da ta karɓi Nobel ta adabi. Ta rasu a 2019.

Na san za ka tambayi Roots na Alex Haley, 1976, tunda mutanenmu da yawa sun san Kunta Kinte ta talabijin. Ya yi tasiri ƙwarai, amma masana tarihi sun gano ɓaraka a salsalar da ya ce ya bi har Gambiya, don haka ka ɗauke shi a matsayin ƙagaggen labari.

Kafin ka saya, ka sani cewa da yawa daga cikin littattafan nan, musamman na Morrison da Walker da Baldwin, suna faɗin abubuwan fyaɗe da jima'i da zubar da jini ƙarara, ba irin waɗanda za ka bari a falo ƙannenka su ɗauka ba ne.

Ga yadda nake jera wa ɗalibaina: The Old Man and the Sea, sai Of Mice and Men, sai Gatsby, ukun nan gajeru ne kuma za su saba maka da Turancin. Daga nan Native Son, tunda ka riga ka san Ellison. Sai Huckleberry Finn, kuma da ka ajiye shi ka ɗauki James na Percival Everett, wanda ya fito a 2024 ya ci Pulitzer a 2025. Tafiyar kogin nan ce dai, amma wannan karon Jim ne ke ba da labarin, kuma ashe ya iya karatu da rubutu, Turancin bayin da Twain ya sa masa a baki ma da gangan yake yin sa a gaban farare don su saki jiki. Bayan su sai The Grapes of Wrath da Beloved. Faulkner da Melville ka bar su sai baɗi.